Babur Mai Shan 2T Ya Ƙi Ja a Jos: Yadda Ake Bin Sawun Cutarsa Kafin a Taɓa Kafireta

Ranar da na ɗauko DT175 ɗina daga Abuja, lafiya lau yake. Bugu ɗaya ya tashi, ya kuma ja kamar doki. Kwana uku da isowarsa Jos, na bi hanyar Lamingo zan hau wajen duwatsun Shere, sai ya fara "bur-bur-bur" a tsakiyar totur, hayaƙi ya turnuƙe bayana, baƙin mai na ɗiga daga bakin salansa. Kafin mako ya cika ya kashe fulogi biyu. Wani bakanike ya duba ya ce 2T ne ya yi yawa, in rage. Na rage. Hayaƙin ya ɗan ja baya, amma shaƙewar na nan daram. Sai da na kai shi wurin wani dattijon bakanike a Bukuru, ya saurari injin, ya ce, "Ɗana, babur ɗinka bai lalace ba, iskar garin nan ce ba ta ishe shi ba. Mayar masa da mansa yadda yake, ka kawo kafiretar."

Abin da na koya daga wannan rana shi ne ƙashin bayan wannan jagora: haɗi iri biyu ne a injin mai bugu biyu, kuma yawancinmu muna cakuɗa su a ka. Akwai haɗin fetur da man 2T, wanda aikinsa shafa wa fistin, ringi da boris mai. Akwai kuma haɗin fetur da iska, wanda kafireta ke yi, shi ne ke ƙayyade yadda wuta ke ci. Wanda ya rage 2T don maganin shaƙewa ya bar cutar a inda take, ya kuma jawo wata sabuwa.

Mataki na 1: Fara da abin da ke cikin tanki

Kafin ka ɗauki sifana, samo kwalba mai haske. Zare tiyon mai daga jikin kafireta, buɗe famfon tanki, ka tsiyayi kamar rabin kofi. Abu biyu kake kallo. Na farko, ƙarfin zubar: ya kamata ya riƙa kwarara ba yankewa. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, buɗe murfin tanki ka gani. Idan ya dawo da gudu, to ƙaramar kafar iska ta murfin ce ta toshe, kuma ita ce ke sa babur ya yi tafiyar minti biyar ya mutu, ya huta ya sake tashi. Na biyu, ajiye kwalbar ta ɗan zauna. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Da damina, da kuma man 'yan bumburutu da ya daɗe a jarka, wannan ba baƙon abu ba ne. In ka ga ruwa ko jan ƙura na tsatsa, juye tankin gaba ɗaya, ka kuma kwance notin ƙasan kwanon kafireta ya zubar da nasa.

Fetur ɗin da aka haɗa da 2T ya kwana wata biyu a tanki shi ma ba abin yarda ba ne. Sashen da ke saurin kama wuta ya riga ya tsere, sai ka yi ta buga kik har ƙafa ta gaji.

Mataki na 2: Auna man 2T, kada ka ƙiyasta

Baburan da ke yawo a nan kashi biyu ne. Irin su Yamaha DT125, DT175, AG100 da Suzuki TS185 suna da tankin 2T daban da famfon da ke tura man da kansa. Na Yamaha ana kiransa Autolube, na Suzuki kuma CCI. Baburan tsere irin su Yamaha YZ da tsofaffin KTM masu kafireta ba su da famfo, kai ne za ka haɗa da hannunka.

Ga lissafin haɗin hannu a kowace lita ɗaya ta fetur: 25:1 na nufin mililita 40 na 2T, 32:1 mililita 31, 40:1 mililita 25, 50:1 mililita 20. In jarkar lita 5 ce, 32:1 zai ci mililita 156, 40:1 ya ci 125, 50:1 ya ci 100. Sayi babban sirinji a kemis, ka keɓe shi don wannan aiki. Murfin gora ba ma'auni ba ne, haka ma "ɗan tsiyaya kaɗan". Zuba 2T a jarka tare da rabin fetur ɗin, girgiza sosai, cika, sake girgizawa, sannan ka juye a tanki. Zuba man kai tsaye a tanki yakan sa ya gangara ƙasa ya fara shiga kafireta shi kaɗai.

Wane haɗi za ka bi? Wanda littafin babur ɗinka ya faɗa. In babu littafi, ni dai 32:1 nake bi da mai na gama-gari, ba na kuma wuce 40:1 sai da man da na amince da shi ƙwarai. Duba bayan gorar ka ga tambarin JASO, wato ma'aunin ingancin mai: FB shi ne matsakaici, FC da FD sun fi rage hayaƙi da kunkunniya. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin kwale-kwale ne, an yi shi don injin da ruwa ke sanyayawa, ka bar wa masu shi. Man juye na mota kuwa, wanda na ga wasu na tsiyayawa a tanki don araha, ba a yi shi don ƙonewa ba. Toka yake bari a kan fistin, ya liƙe ringi, ya toshe salansa.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. A haɗin tanki, ƙara 2T ba ya sa babur ya "sha mai da yawa" ta fuskar wuta. Ramin jet, wato ɗan noti mai huda da fetur ke bi a cikin kafireta, ɗaya ne, abin da zai wuce ta cikinsa ƙayyadadde ne. In man shafawa ya ƙaru, fetur ya ragu ke nan. Saboda haka wanda ya tashi daga 50:1 ya koma 25:1 ya ɗan rage wa injin fetur, wanda ya rage 2T kuma ya ƙara masa. Rage 2T ba ya maganin shaƙewa, shi ya sa shawarar da aka fara ba ni ba ta yi aiki ba. Zaɓi haɗi ɗaya da mai iri ɗaya, ka tsaya a kansu, sannan a saita kafireta a kan haka.

Masu famfo kuma, ina roƙonku ku daina cire shi haka kawai. Duba cewa tankin 2T na raguwa, babu kumfar iska a siririn tiyon, kuma alamar da ke jikin famfon ta yi daidai da tata kamar yadda littafi ya nuna. In tankin ya taɓa ƙarewa ƙaf, sai an kwance notin fitar da iska har mai ya fito ba kumfa. A Suzuki mai CCI abin ya fi haɗari, domin famfon na kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf. Ka cire shi ka koma haɗin tanki ba tare da gyaran da ya dace ba, boris ɗin zai zauna da ƙishirwa.

Mataki na 3: Soson iska

Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin tsofaffin ramukan kuza na Rayfield da Bukuru kan toshe soso cikin fita biyu ko uku. Toshewar soso daidai take da tafiya da cok a ja. Wanke shi da kananzir, bi da ruwan sabulu, bar shi ya bushe sarai, sannan ka shafa masa man soso ka matse, kada ka murɗa. Ya yi danshi, kada ya yi ɗigo. In ya fara marmashewa a hannu, sayi sabo. Kada ka taɓa tafiya babu soso "don ya sha iska": ƙura za ta cinye ringi da bulok cikin 'yan kwanaki.

Mataki na 4: Fulogi da wuta

Fulogi shi ne mashaidin da ya ga abin da ya faru a ciki. Launin ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara, lafiya ke nan. Baƙi mai jiƙe da mai, fetur ya yi yawa ko wuta na da rauni. Fari fat ko toka-toka mai ƙuraje, fetur ya yi kaɗan kuma injin na zafi fiye da kima. In ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar garin azurfa, kashe injin nan take, kan fistin ne ya fara narkewa.

Sa lambar da aka rubuta wa babur ɗin. A fulogin kamfanin NGK, irin su B8ES da BR9ES, yadda lamba ke hawa haka fulogin ke ƙara sanyi. Wasu in fulogi na yawan mutuwa sai su sauka zuwa lamba 6 don ya riƙa ƙone man. Zai daina mutuwa kam, amma an ɓoye cutar ne, kuma a doguwar hawa fulogi mai zafi na iya huda fistin. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan babura tsakanin milimita 0.6 ne zuwa 0.8.

Don gwada wuta, sa fulogin a hularsa, jingina ƙarfensa da kan injin nesa da ramin fulogi, ka buga kik a inuwa. Kana son shuɗiyar wuta mai ƙara "tas". Ja-ja mai rauni ko mai zuwa tana ɗaukewa na nuna hula, kwayil, waya mai tsatsa, ko makunnin kashewa da ruwa ya shiga. Babur ɗin da ke tafiya lafiya da sanyi, ya ɗauke wuta in ya yi zafi, ya dawo bayan ya huce, kwayil ɗinsa ko CDI, akwatin da ke sarrafa wuta, ake tuhuma, ba kafireta ba.

In injin ya sha mai ya shaƙe har ya ƙi tashi, rufe famfon tanki, mayar da cok, buɗe totur har ƙarshe, ka yi ta bugawa har ya kama.

Mataki na 5: Matsi, da ɓarauniyar iska

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Injin mai bugu biyu yana tsotso haɗin ne zuwa cikin ɗakin kiranshaf, ya matsa shi, sannan ya tura sama. Ko'ina ya yi yoyo, duk saitin duniya ba zai zauna ba.

In akwai agogon auna matsi, ɗaura shi, buɗe totur gaba ɗaya, buga har allurar ta daina hawa. Ƙasa da 100 psi alama ce ta ringi ko fistin sun gaji. Ka tuna agogon kan nuna ƙasa kaɗan a Jos fiye da yadda zai nuna a Legas, domin iskar da ake matsawa ba ta kai ta can kauri ba. In babu agogo, kik ɗin da ke sauka da hannu ba turjiya ya riga ya ba ka amsa.

Alamar ɓarauniyar iska ita ce silo mai taurin kai: ka saki totur, injin ya ci gaba da kuka sama na ɗan lokaci kafin ya sauko, ko silon ya riƙa hawa da sauka da kansa. Duba robar da ke tsakanin kafireta da injin, ka lanƙwasa ta da yatsa, tsagewar kan ɓuya a ƙasa. Bar injin a silo, ka fesa ɗan maganin wanke kafireta a bakin robar da gindin bulok. In sautin ya canza, ka kama ɓarawon. Yi wannan a fili, nesa da salansa mai zafi, don abin yana kama wuta.

Sil ɗin kiranshaf, wato zoben roba mai hana yoyo, guda biyu ne, kowanne da irin ɓarnarsa. Na ɓangaren magineto in ya mutu iska yake shigarwa, injin ya yi zafi, silo ya rataye. Buɗe murfin ka ga ko akwai danshin mai a bayan magineton. Na ɓangaren kuloci in ya mutu man giya yake tsotsa, sai ka ga farin hayaƙi mai kauri da wari daban wanda ba ya raguwa ko injin ya yi zafi, man giya kuma na raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Na ga wanda ya sauya jet sau uku a kan wannan cuta.

In babur ɗin na da rid, wato siraran ganyen da ke bayan kafireta, ciro shi ka ɗaga wa haske. Ganyen ya kwanta lif a mazauninsa. Wanda ya tsage ko ya ɗage baki yana kawo wahalar tashi da tofar da mai baya cikin akwatin soso. Salansa kuma, in kunkunniya ta cika ta, babur zai tashi lafiya amma ya ƙi buɗe murya. Ciro bututun cikinta ka kankare.

Mataki na 6: Wanke kafireta

Sai yanzu muka iso gare ta. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera kayan yadda ka ciro su. Ƙaramin jet na silo raminsa kamar gashi yake, shi ne ke fara toshewa. Ɗaga shi wa rana, in ba ka ga haske zagayayye ba, bai fita ba. Hura da iska, ko ka bi shi da silin wayar tagulla ɗaya mai laushi. Allurar ɗinki ko wayar ƙarfe na faɗaɗa ramin, jet ɗin ya tashi daga lambarsa har abada. Girgiza fulot, wato abin da ke iyo a kan mai cikin kwano, kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Duba kan allurar fulot, in ta yi zobe sauya ta, ita ce ke kawo obafulo. Tsayin fulot kuma a auna shi da abin da littafi ya ce, don in mai ya yi yawa a kwano duk jet ɗin za su yi kamar sun yi girma. Tabbatar cok na komawa mazauninsa ya rufe ruf. Rubuta lambar kowane jet da inda kilif ɗin doguwar allurar da totur ke ɗagawa yake kafin ka mayar.

Mataki na 7: Saiti, da maganar tudun Jos

Jos na kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, Abuja kuwa tana can ƙasa sosai. A tsayin Jos iska ta fi ta bakin teku sirantaka da sama da kashi 10 cikin 100. Kafireta ba ta san haka ba, za ta ci gaba da ba da kusan fetur ɗin da ta saba, iskar ƙona shi kuwa ta ragu. Abin da ya sami DT ɗina ke nan.

Koyi bambanta kuka biyu. Fetur ya yi yawa: "bur-bur-bur", sauti mai kauri, hayaƙi, babur na tafiya amma da nauyi. Fetur ya yi kaɗan: ka murɗa totur ya yi "booo" kamar zai mutu, ko ka ji "ƙyal-ƙyal" kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawa. Na farko fulogi yake kashewa, na biyu inji. In ka rasa gane wanne ne, ɗan ja cok a daidai inda matsalar take: in ya gyaru fetur ya yi kaɗan, in ya ƙara shaƙewa ya yi yawa.

Manna farin tef a hannun totur, ka raba shi huɗu da biro, domin wurin da hannunka yake shi ke nuna sashen da ke aiki, ba gudun babur ba. Daga rufe zuwa kusan kwata, jet ɗin silo ne da sukurun iska. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet.

Ɗumama injin da tafiyar minti goma. Ɗaure sukurun iska a hankali har ya taɓa, kada ka matse, sannan ka kwance zagaye ɗaya da rabi. Ɗan ɗaga silo, ka riƙa juya sukurun kwata-kwata kana jiran daƙiƙa goma sha biyar tsakani, har ka sami inda injin ya fi sakin murya. Kwancewa ƙarin iska ne, ɗaurewa ragi. In wurin ya faɗo tsakanin zagaye 1 da 2 da rabi, jet ɗin silo daidai yake. In sai ka wuce 2 da rabi, ya yi girma, sauka lamba ɗaya. In ƙasa da zagaye 1 ne, ya yi ƙanƙanta.

Allura yawanci tana da tsagi biyar, ana ƙirgawa daga sama. Ka ɗaga kilif sama, allura ta sauka, fetur ya ragu. Ka saukar da kilif, allura ta ɗagu, fetur ya ƙaru. Wannan kan rikita mutane, shi ya sa nake cewa ka rubuta. A babur ɗina, dattijon nan ya matsar da kilif daga tsagi na uku zuwa na biyu, ya miƙo mini makulli ya ce, "Je ka zagayo, ka dawo ka faɗa mini abin da kunnenka ya ji." Rabin shaƙewar ta tafi a wannan zagayen. Bai taɓa babban jet ba sai da na dawo.

Babban jet shi ne mai haɗari, don haka daga babba ake saukowa, lamba ɗaya-ɗaya. Sa sabon fulogi, sami miƙaƙƙiyar hanya mai ɗan hawa wadda ba mutane ba dabbobi, buɗe totur gaba ɗaya a giya ta uku ko ta huɗu na kamar daƙiƙa ashirin, sannan a lokaci guda ka danna makashi, ka kama kuloci, ka gangara ka tsaya. Kada ka bar shi ya yi silo, zai goge shaidar. Ciro fulogin ka leƙa can gindin farin tangaran ɗin da tocila. Baƙi, sauka lamba ɗaya ka sake. Ƙasa-ƙasa, tsaya nan. Fari, koma sama maza. Lambobin jet na kafiretar Mikuni da na Keihin ba ma'auni ɗaya ba ne, kada ka kwatanta 160 na wannan da 160 na wancan, kuma jet marar tambari da ake sayarwa a tire sau da yawa lambar jikinsa ba ta dace da raminsa ba. In ka je Dilimi neman kaya, tafi da tsohon naka a aljihu.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Wanda ya sauya jet, ya matsar da kilif, ya juya sukuru a zama ɗaya, ko babur ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Saitin ma ba na shekara ba ne. A Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, iska na yin kauri da bushewa, injin na neman ƙarin fetur. Babur ɗin da aka saita tsaf a watan Agusta zai iya fara "booo" da safiyar hunturu. Sau da yawa ɗaure sukurun iska kwata ko rabin zagaye ya isa, wani lokaci sai an saukar da kilif tsagi ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne mai saukowa. Babur ɗin da aka rage wa jet ya dace da Jos, in aka kai shi Akwanga ko Abuja, iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, ga zafi. A doguwar hanya da totur a buɗe, haka fistin ke cijewa, tayar baya ta kulle. Ajiye tsohon jet ɗinka a ƙaramar leda cikin akwatin kayan aiki, ka mayar da shi da kilif ɗin kafin ka sauka. A gangaren Hawan Kibo kuma, in naka mai haɗin tanki ne, kada ka rufe totur ka bar giya ta riƙe ka tun daga sama har ƙasa: totur a rufe na nufin mai kaɗan ne ke isa ga fistin alhali injin na juyawa da sauri. Yi amfani da birki, ka riƙa kama kuloci kana ɗan murza totur lokaci-lokaci. In kuwa ka ji ƙarfin injin ya faɗi farat ɗaya tare da wani siririn ƙara na ƙarfe, yatsunka su riga tunaninka zuwa kan kuloci, ka gangara gefe, ka bar shi ya huce kafin ka ciro fulogi ka duba.